Yadda Za Ka Bi Diddigin Nauyinka da Ƙarfin Jikinka Ba Tare da Sikeli Ya Ruɗe Ka Ba

Nauyin babban mutum yana iya hawa ko sauka da kilo 1, wani lokacin har 2, tsakanin safiyar yau da ta gobe, alhali bai ƙara kitse ba, bai kuma rage ba. Wanda bai san da haka ba, sikeli zai yi ta wasa da hankalinsa. Ya yi mako guda yana kame baki yana takawa da ƙafa, ya hau ya ga an ƙara masa rabin kilo, gwiwarsa ta yi sanyi, ya watsar. Wani kuma ya ga kilo 2 sun tafi cikin kwana huɗu, ya ɗauka ya gano bakin zaren, mako mai zuwa su dawo masa cif. Dukansu sun yi awo, amma ba su san yadda ake karanta abin da suka auna ba.

Awo guda ba ya ba da labari. Sai an jera awo da yawa waɗanda aka yi a yanayi iri ɗaya, an rubuta, an gwama mako da mako, sannan ake ganin inda jiki ya dosa. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Tsayar da abin da kake nema

"Ina so in rage tumbi" niyya ce, amma ba ta da lamba, kuma abin da ba shi da lamba ba a sanin an kai gare shi ko ba a kai ba. Ka zauna ka yanke: nauyi kake son ragewa, ko ƙarawa, ko dai so kake ka hau bene hawa uku ba tare da haki ba? Kowanne da irin awon da ya dace da shi.

In ragewa ce, kada ka fara da burin komawa jikinka na ƙuruciya. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya taɓa hawan jini da yawan suga a jini. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, an ɗora wa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga buri biyu kacal: su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Yawan kamuwa da cutar a cikinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba a sa su wannan tsari ba. Ga mai kilo 85, kashi 7 bai wuce kilo 6 ba. Saurin da ake ganin ya dace kuwa shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a mako, don haka ka ba wa kilo 6 ɗin nan wata biyu zuwa uku. Rubuta burin da ranar da ka fara a shafin farko.

Mataki na 2: Awon farko, wanda za a riƙa komawa gare shi

Kafin ka sauya komai a cinka ko motsinka, ɗauki awon inda kake. Mutane da yawa suna tsallake wannan saboda ba sa son ganin lambar, sai bayan wata uku su rasa abin da za su gwada kansu da shi.

Fara da tsawo. Cire takalmi, jingina da bango, a ɗora wani abu mai faɗi a kanka a yi alama, a auna da santimita. Sau ɗaya ya isa. Sai nauyi, wanda za mu yi dogon bayani a kansa nan gaba. Da waɗannan biyun ake fitar da ma'aunin BMI: ka ninka tsawonka na mita da kansa, sannan ka raba nauyinka da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1.72 da nauyin kilo 85, 1.72 sau 1.72 ya ba da 2.96, an raba 85 da 2.96 ya ba da 28.7. A rabon Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙiba.

Ka san matsayin wannan lissafi, kada ka ba shi fiye da haƙƙinsa. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1830 don nazarin jama'a a dunƙule, sai a 1972 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi yau. Bai san bambancin tsoka da kitse ba. Mai ɗaga ƙarfe da jikinsa ya murɗe zai iya fitowa a sahun masu ƙiba, wani siriri mai tumbi kuma ya fito lafiya lau. Ba a kuma amfani da waɗannan lambobi ga yara ko mai juna biyu.

Shi ya sa awon ƙugu ya fi BMI amfani ga mai bin diddigin kansa. Kitsen da ke taruwa a ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya. Nemi tef irin na tela, wanda ba ya miƙewa in an ja. Lalubo haƙarƙarinka na ƙarshe, lalubo saman ƙashin kwatangwalo, ka zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, galibi ɗan sama da cibiya. Ka tsaya a miƙe, ka saki numfashi kamar yadda ka saba, kada ka tsuke ciki, kada tef ya nutse a fata. Ga namiji, haɗari ya fara daga santimita 94, ya yi tsanani daga 102. Ga mace, daga 80, ya tsananta daga 88. Akwai ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da hukumar NICE, mai ba da shawarwarin lafiya a Birtaniya, ta shigar cikin shawarwarinta a 2022: kada kewayen ƙugunka ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 172, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 86.

Mataki na 3: Hawa sikeli yadda ya kamata

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka bari mu tsaya sosai.

Sikeli ɗaya za ka riƙe. Na asibiti da na gida da na ɗakin motsa jiki suna iya saɓawa da kilo guda ko fiye, kuma ba damuwarka ba ce ka gano wanda ya fi gaskiya, tunda canji kake bi. Ka ajiye shi wuri ɗaya, a daɓe mai tauri da ya daidaita. A kan darduma ko katifa lambar ƙarya zai ba ka. Lokaci kuma shi ne da safe, bayan ka tashi ka zagaya, kafin ka ci ko ka sha komai, da kaya marasa nauyi iri ɗaya kullum. Hau sau ɗaya, rubuta, sauka. Kada ka sake hawa da rana don ka ga ko ya canza. Zai canza, kuma ba abin da hakan ke nufi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, da zarar ka sha ta hau sikeli tare da kai.

To me ke sa lambar rawa haka? Ruwa ne kan gaba. Ka ci abinci mai gishiri da dare, jiki zai riƙe ruwa, gobe ka wayi gari da ƙari. Akwai kuma sukarin ajiya da jiki ke tarawa a hanta da tsoka, wanda masana ke kira gilaikojin. Jikin babban mutum yana ɗauke da kusan rabin kilo nasa, kuma kowane giram yana tafe da kimanin giram 3 na ruwa. Wanda ya rage cin sitaci, cikin 'yan kwanaki ajiyar nan za ta ragu, ruwanta ya bi ta, sai ya ga kilo 1 ko 2 sun zube a makon farko. Murna ta kama shi. Ranar da ya koma cinsa na da, su dawo a dare ɗaya, ya ce tsarin ya ci amanarsa. Babu kitsen da ya tafi, babu wanda ya dawo. Haka nan abincin da bai gama wucewa ta hanji ba yana da nauyinsa, kuma sabon atisaye mai tsanani yana sa tsoka ta ɗan kumbura ta riƙe ruwa na kwanaki.

Ga lissafin da zai kwantar maka da hankali duk ranar da lamba ta yi tsalle. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Kafin ka ƙara kilo guda na kitse a dare ɗaya, sai ka ci abincin kwana uku ko huɗu a kan abin da ka saba ci. In ba ka yi haka ba, abin da ka gani ba kitse ba ne.

Sau nawa za a hau? Ni dai ina ganin kullum ya fi, ga wanda zuciyarsa za ta ɗauka, da sharaɗin ba lambar ranar zai kalla ba, matsakaicin mako zai kalla. Duba wannan misali. Mutum ya auna daga Litinin zuwa Lahadi ya samu 84.6, 85.2, 84.1, 84.9, 85.5, 84.3, 84.8. Ya haɗa su ya raba da 7, ya samu 84.8. Mako na biyu ya samu 84.4, 83.9, 84.7, 83.8, 84.9, 84.0, 84.4, matsakaicinsu 84.3. Ya rage rabin kilo ke nan, daidai abin da ake so. Amma da a ce ranar Laraba kaɗai yake hawa, zai ga 84.1 ta koma 84.7, ya ce ƙaruwa ya yi. Da kuma Talata ce ranarsa, zai ga 85.2 ta koma 83.9, ya yi ta shelar ya rage kilo 1.3. Mutum ɗaya, jiki ɗaya, mako biyu, labari uku, kuma na matsakaici ne kawai gaskiya.

In kullum ya yi maka yawa, yi sau uku a mako a ranaku tsayayyu, ka fitar da matsakaicinsu. In sau ɗaya kake iyawa, to kada ka yanke hukunci sai ka tara awo huɗu. Abin da bai kamata ba shi ne ƙaurace wa sikeli na watanni. A Amurka akwai wata rajista da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka kuma riƙe ragin shekara guda ko fiye. Kusan uku cikin huɗu na waɗannan mutane suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako.

Ke kuma mace, akwai ƙarin abu guda. Kwanakin da ke gaban jinin al'ada jiki yakan riƙe ruwa, nauyi ya hau, ya sauka bayan jinin ya zo. Ki riƙa sa alama a ranar farko ta kowace al'ada a cikin littafinki, sannan ki gwada makon nan da takwaransa na watan jiya, ba da makon da ya gabace shi ba.

Mataki na 4: Tef, hoto da tufafi

Ƙugu ba ya bukatar awon kullum. Sau ɗaya a mako biyu ya wadatar, da safe kafin cin abinci, a daidai wurin da ka auna da farko. Auna sau biyu, in sun saɓa da fiye da santimita ɗaya ka sake. Mai son ƙari zai iya haɗawa da cinya, damtse da ƙirji, musamman in gina jiki yake yi.

Amfanin tef yana fitowa ne lokacin da sikeli ya tsaya. Tsoka ta fi kitse cunkushewa, kilo ɗaya nata bai kai kilo ɗaya na kitse cin wuri ba. Wanda ya fara ɗaga nauyi zai iya yin wata guda sikeli bai gusa ba, amma ƙugu ya ragu da santimita 2. Wannan ci gaba ne, kuma da sikeli kaɗai yake dogaro da bai gani ba.

Hoto sau ɗaya a wata: ta gaba, ta gefe, wuri ɗaya, haske ɗaya, nisa ɗaya, kaya ɗaya. Madubi ba ya nuna canji domin kullum kana kallonsa. Ka adana hotunan inda ba mai gani sai kai. Sannan ka ware wando ɗaya ko bel ɗaya ya zama shaida, ka riƙa gwada shi farkon kowane wata.

Mataki na 5: Auna abin da jikin ke iya yi

Nauyi sakamako ne, kuma ba kullum yake hannunka ba. Abin da ke hannunka shi ne aikin da ka yi, don haka shi ma a rubuta shi. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ana son baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Gane bambancin ba ya bukatar na'ura. In kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, matsakaici kake yi. In ba ka iya haɗa jimla sai ka tsaya jan numfashi, ka shiga mai tsanani. Kowace rana rubuta abin da ka yi da mintocinsa, ranar ƙarshe ta mako ka tara.

Masu ƙirga taku kuma, kada lambar 10,000 ta tsorata ku. Ba daga asibiti ta fito ba. Sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar kasuwa a 1965, lambar ta bi duniya. Binciken da I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya bi tsofaffin mata ya gano cewa masu taku kusan 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mace-mace, amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Abin yi shi ne ka bar wayarka ta ƙirga maka mako guda ba tare da ka canza komai ba, ka ga matsakaicinka, sannan ka ɗora 1,000 a kai. In ya zauna maka, ka sake ɗorawa.

Bugun zuciya na hutu awo ne mai arha da mutane ke rainawa. Da ka farka, kafin ka sauko daga gado, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ƙirga na daƙiƙa 30, ninka biyu. Ga yawancin manya yana tsakanin 60 da 100 a minti. Yayin da zuciya ke ƙara ƙarfi, takan tura jini mai yawa a bugu ɗaya, sai lambar ta riƙa sauka a hankali cikin watanni. In kuma ka ga ta haura abin da ka saba kwana biyu ko uku a jere, duba barcinka, ko gajiya ta taru, ko wani ciwo na tafe. Akwai lissafin da ake yi na iyakar bugu, wato a cire shekarunka daga 220: ɗan shekara 40 iyakarsa 180, matsakaicin atisaye kuma kashi 50 zuwa 70 na wannan, wato 90 zuwa 126. Kintace ne kawai, mutane sun bambanta sosai, kuma wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya har lissafin ya tashi daga aiki.

Sai gwajin wata-wata. Zaɓi biyu ko uku, ka riƙe su, kada ka riƙa sauyawa. Na numfashi mafi shahara shi ne wanda likita Kenneth Cooper ya tsara wa sojojin saman Amurka a 1968: nisan da za ka iya ci cikin minti 12, da gudu ko sassarfa ko tafiya. Wanda bai saba ba, sai ya juya shi, ya zaɓi hanya mai tsawon kilomita ɗaya ko biyu, ya taka da sauri, ya rubuta lokacin da ya ɗauka da bugun zuciyarsa a ƙarshe. Bayan wata biyu, ko lokaci ya ragu, ko lokaci yana nan amma bugun ya sauka, duka biyun nasara ce. Na ƙarfi kuwa, ƙirga sau nawa za ka iya tashi ka zauna a kujera cikin daƙiƙa 30 ba tare da dafa komai ba, ko sau nawa za ka iya kifa ciki ka ɗaga jikinka da hannu biyu kafin ƙarfi ya ƙare. Hanya ɗaya, lokaci ɗaya, takalmi ɗaya. Wanda ya haura shekara 40 bai saba motsa jiki ba, ko mai ciwon zuciya, hawan jini ko suga, ya ga likita kafin ya gwada gudun minti 12.

Mai ɗaga ƙarfe aikinsa ya fi sauƙi: sunan atisaye, nauyin da ya ɗaga, sau nawa, zagaye nawa. In watan jiya kilo 20 sau 8 kake yi, yau kana yin sau 12, ka ƙaru ko da madubi bai ce komai ba, kuma lokaci ya yi da za a ƙara nauyin kaɗan.

Mataki na 6: Inda za a rubuta

Littafi da biro sun isa. Ja layuka: kwanan wata, nauyi, motsa jiki da mintoci, awannin barci, sai fili na ƙarshe don abin da ya faru, kamar "na ci gishiri da yawa", "tafiya ta kama ni", "zazzaɓi". Wannan fili na ƙarshe shi zai fassara maka lambobin bayan wata biyu, lokacin da ka manta. Mai son kwamfuta ya buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets ya bar shi ya fitar da matsakaici ya zana layin. Manhajojin waya ma suna yi. Wanda za ka iya riƙewa wata shida shi ne mafi kyau, kuma kada ka cika wa kanka layuka goma sha biyar, domin mako na uku za ka gaji.

Hattara da lambobi biyu da na'urori ke bayarwa. Na farko kalorin da agogon hannu ke cewa ka ƙona. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai a 2017. A bugun zuciya shida daga ciki sun yi kyau, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. A kalori kuwa, wadda ta fi dacewa ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe da kashi 93. Kada ka ci ƙarin abinci don agogo ya ce ka ƙona 600. Na biyu, kason kitse da wasu sikeli ke nunawa. Wata 'yar wutar lantarki suke turawa ta ƙafa su kintata, kuma yawan ruwan jikinka a lokacin yana juya sakamakon. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ma ya hau irinsu.

Mataki na 7: Karanta littafin, ka yanke shawara

Rubutu ba karatu ɓata tawada ne. Ware minti goma a ƙarshen kowane mako ka fitar da matsakaicin nauyi da jimillar mintoci. Amma canza tsari sai bayan mako huɗu, kuma makon farko kada ka ba shi muhimmanci, ruwa ne ya fi yawa a cikinsa.

In matsakaici yana sauka da rabin kilo zuwa kilo 1 a mako, kada ka taɓa komai, ko da zuciya na raya maka ka ƙara matsawa. In yana zubewa fiye da haka mako bayan mako, ga kasala, ga jiri, ga nauyin da kake ɗagawa yana raguwa, to ka matse da yawa, tsoka kake asara, ƙara abinci. In sikeli ya tsaya amma ƙugu na raguwa ko gwajin wata na kyautatuwa, ci gaba da abinka.

In kuwa komai ya tsaya cik mako huɗu, fara da duba layin motsa jiki: mintocin da ka yi niyya su ne ka yi? In su ne, saura abinci. Yi mako guda kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka, a lokacin da ya shiga, har da abin sha mai zaƙi, man girki, da ɗan abin da aka tsinta a tsaye. Kada ka dogara da tuni, domin a nan kowa yana yi wa kansa sassauci ba da sani ba. Wani bincike da aka buga a 1992 ya duba mutanen da suka ce suna cin kaɗan amma ba sa raguwa, aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan kashi 47 cikin 100, motsa jikin da suke faɗa kuma ya zarce na gaskiya da kusan rabi. Ba ƙarya suka shirya ba, ido ne ba ya iya awo. Bayan makon nan za ka ga inda ɓarakar take. Gyara abu ɗaya tak, ka ba shi mako biyu zuwa uku. In ka canza abu huɗu lokaci guda, ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Ka kuma sa ran tafiyar za ta yi sanyi. Jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da, don haka abincin da ya rage ka a wata na farko zai iya zama daidai bukatarka a wata na shida. Yawancin masu rage nauyi sukan ci karo da wannan tsaiko wajen wata shida. Ba lalacewa jikin ya yi ba, lissafin ne ya sauya. Barci ma yana da hannu: ƙasa da awa 7 a kai a kai yana ƙara yunwa da kwaɗayi, shi ya sa muka ba shi layinsa a littafin.

Mai neman ƙarin nauyi haka zai karanta nasa, a juye. In matsakaici na hawa a hankali, ƙarfi na ƙaruwa, ƙugu bai cika motsi ba, yana kan hanya. In ƙugu ne ke gaba, kitse yake tarawa.

Lokacin da littafin zai kai ka wurin likita

Wani lokaci abin da awo ya nuna ya fi ƙarfin gyaran abinci. Nauyi ya ragu da kashi 5 cikin 100 ko fiye cikin wata 6 zuwa 12 ba tare da ka nema ba, wannan na likita ne, domin ciwon suga, tarin fuka, ciwon maƙoƙo da wasu cututtukan daji duk suna iya fara nuna kansu haka. Ƙarin kilo 2 cikin kwana biyu ko uku tare da kumburin ƙafa ko haki ruwa ne ke taruwa, zuciya ko ƙoda ake zargi, ba a jira. Ciwon ƙirji, jiri ko suma a lokacin atisaye, a tsaya nan take a nemi asibiti. Wasu magunguna, irin su insulin da prednisolone, suna ƙara nauyi. Kada ka daina sha da kanka, kai littafinka ka nuna wa wanda ya rubuta maka.

Akwai kuma wanda awon kansa ne ke cutar da shi. In ka ga lambar safe ce ke yanke maka yadda za ka wuni, kana hawa sau biyar a rana, kana ƙin cin abinci don tsoron gobe, ko kana tilasta wa kanka amai, ajiye sikelin, ka yi magana da ma'aikacin lafiya. Irin wannan mutum ya bi mintocin motsa jiki da gwajin ƙarfi kawai, ya bar nauyi a hannun likita.

Ranar da ka kai burinka kuma, kada ka rufe littafin, sai dai ka rage masa aiki: sikeli sau ɗaya ko biyu a mako, ƙugu sau ɗaya a wata, gwajin ƙarfi duk wata uku. Ka sa wa kanka iyaka, misali kilo 2 sama da inda ka tsaya, ka rubuta ta a saman shafi. Duk lokacin da matsakaicin mako biyu a jere ya haura ta, koma awon kullum da rubuta abinci na mako guda har ya dawo ƙasa.